Wuyan Jikar Jita

Babu maganar da ke ƙona min rai a gidanmu kamar “ya yi”. Ƙofar bayi ba ta rufuwa sai an tallafe ta da ƙafa, ya yi. Famfo na ɗiga, an ɗaure masa baki da tsumma shekara biyu, ya yi. Na dawo daga kwalejin fasaha da takardar zanen injina, na samu aikin koyarwa, ina jin zan gyara gari guda, sai na tarar ko ƙofar bayin gidanmu ba za a bar ni in taɓa ba. Wai ta saba da mu, mun saba da ita.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, ƙafa ta dawo cikin wata biyu, baki ya miƙe, amma hannun hagu ya ƙi. Yatsun suka fara lanƙwashewa ciki kamar na mai ɓoye wani abu. Likitar gashin ƙashi ba ta rufe mu ba. Ta ce watannin farko su ne na aiki, in aka bar yatsun suka sandare a haka, to sai haƙuri. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Muna isa gida ya wurga wa kyanwa.

“Ni za a ba abin wasan yara? Shekara talatin ina murza sitiyarin babbar mota.”

“Baba, ba wasa ba ne, magani ne.”

“Hannun ya yi haka nan, Injiniya. Ga na dama nan lafiya lau.”

Daga ranar ya samo wani ƙaramin tawul ya ɗora a cinya. Hannun ya shige ƙarƙashinsa, ko baƙo ko ɗan gida ba mai ganinsa.

Mama ce ta ba ni dabarar ba tare da ta sani ba. Tana kakkaɓe akwati ta zaro wani tsohon hoto: Baba yana saurayi, zaune a kan tayar mota a gareji, rungume da jita, bakinsa a buɗe. Ta ce da wannan kiɗan ya yaudare ta. Na kai wa likitar hoton. Ta ce duk abin da zai sa ya danna yatsun ɗaya bayan ɗaya, da son ransa, ya fi ƙwallo goma. Sai dai jita ta yi masa girma, tsirkiyarta kuma ƙarfe ce. Ta ce in nemi ukulele, ƙarama ce, tsirkiya huɗu, duka na roba masu laushi.

Malamin kiɗa na makarantarmu yana da guda ɗaya. Na ara na auna. Faɗin wuyanta daga sama, inda yatsu ke fara dannawa, milimita talatin da biyar ne. Na tuna yatsun Baba, kowanne kamar turken akuya, na mayar wa malamin da kayansa. In ana son ta shiga hannunsa, sai an ƙera ta dominsa.

Kwana huɗu na yi ina fama kafin ya yarda.

“Mece ce sunanta?”

“Ukulele.”

Ya dubi hoton a wayata. “Wannan ai jikar jita ce. To, ji nan. Sau ɗaya zan gwada. In ba ta yi ba, ki ƙyale ni da hannuna, kar in sake jin maganar.”

Na ce na yarda. Na ɗauko ma’aunina na ƙarfe, mai baki biyu da ake matsewa a kan abu ya nuna kaurinsa, na ce ya ba ni hannun. Ya miƙo na dama.

“Na hagun, Baba.”

“Ba a miƙa wa mutum hagu. Hannu hannu ne, uwa ɗaya ta haife su.”

Mama ta harare ni daga bakin ƙofa, irin hararar nan ta ki bar shi tunda ya yarda. Na auna kan yatsun daman, na rubuta. Na yi lissafi: milimita goma sha ɗaya tsakanin kowace tsirkiya da ’yar’uwarta, tazara uku, talatin da uku ke nan. Sai uku a wannan gefe, uku a wancan, don kada tsirkiyar bakin ta zame. Talatin da tara. Na zana shi tsaf a farar takarda, na ja layi biyu a ƙarƙashin kowace lamba.

Shagon Baffa, ƙanin Baba, yana ƙarshen layinmu, jikin mai facin taya. Ƙofofi a jingine, kujeru a kife kan juna, garin katako har idon sawu, rediyo rataye a ƙusa yana magana shi kaɗai. Ba zan tauye masa haƙƙi ba, Baffa kafinta ne na gaske. Hannunsa ya san katako. Amma tef ɗin awonsa lambobin farko sun goge tun ina firamare, kuma bai ga dalilin sayen wani ba. Abin alfaharinsa guda ne: babu abin da ke fita daga shagonsa da kaifin baki. Tebur, benci, ƙofa, sai ya bi gefen da samfefa ya kashe masa baki har ya yi sumul. Yakan ce kayan da ya yanki mai shi ya zagi kafintansa.

Na shimfiɗa masa takardar. Ya kalle ta a karkace.

“Injiniya, wannan jirgin sama za mu ƙera?”

“Baffa, duba nan. Uku nan, uku nan. Ko rabin milimita kar a taɓa.”

“Milimita uku.” Ya matse yatsu biyu ya leƙa tsakaninsu da ido ɗaya. “Abin da in na yi atishawa zai tashi?”

“Shi ɗin. Shi ne duk aikin.”

Ya ɗauki ma’aunina yana buɗewa yana rufewa. “Wannan bakin agwagwar fa, cizo yake?”

Mai faci ya leƙo yana dariya. Na karɓe ma’aunina.

Asabar uku muka yi muna aikin tare. Gangar jikin daga bayan wata tsohuwar durowa muka fitar, siririn katako busasshe mai amsa sauti. Baffa ya jiƙa gefunan, ya lanƙwasa su a jikin bututun ƙarfe mai zafi, ko tsagewa ɗaya babu. Na tsaya ina kallo, har na ji kunyar raina shi da nake yi. Wuyan muka yanka daga ƙafar wani gado. Ƙananan ƙarafan da ake jerawa a kan wuya ni na auna wurarensu da kaina, don nan lissafi ne zalla. Ya rage a gyara wuyan, a yanka ɗan ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a sama, a ɗora jakin da ke ɗauke da su a ƙasa, a ɗaura.

Sai makon jarrabawa ya zo. Aka sa ni tsaron ɗalibai safe da yamma.

“Baffa, ka jira ni zuwa Asabar.”

“Je ki abinki.”

“Kar ka taɓa wuyan.”

“Na ji, na ji. Sai ka ce ni ne almajirin shagon.”

Ranar Alhamis da la’asar na shigo gida da tarin takardu a hammata, na ji muryar Baffa a falo tana tashi. Na leƙa. Ga ta nan a cinyar Baba, an shafa mata mai tana ƙyalli, an ɗaura tsirkiyoyi. Baffa yana tsaye a kansa yana washe baki kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ya kasa jira ne. Ya gama ya ɗauko ya kawo wa yayansa.

Tun daga ƙofa na ga wuyan. Gefunan sun yi zagaye sumul kamar muciya.

“Baba, dakata, ba a gama...”

“Ga shi an gama,” in ji Baba. “Ba sau ɗaya muka ce ba? Bari mu sallami juna.”

Ya juya mana kafaɗa kaɗan. Ya zaro hannun daga ƙarƙashin tawul, ya kamo shi da na dama ya ɗora a wuyan. Manunin ya sauka a kan tsirkiya ta biyu, ya danne ta uku tare da ita. Ya kaɗa. Wani sauti ya fito, busasshe, kamar an taka kwali. Ya matsar da yatsan zuwa ta bakin. Yana dannawa ta zame ta faɗa gefen wuyan, ta ce ƙyas. Ya sake. Ta sake zamewa. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. A karo na uku hannun gaba ɗaya ya sulluɓe ya faɗo cinyarsa, kuma dukanmu mun gani.

Ya ja tawul ya rufe.

“Ta yi kyau, Auta,” ya ce wa Baffa. “Aikinka ya yi. A samu ƙusa a rataye ta a bango.”

Na ɗauke ta na fita, Baffa ya biyo ni har shago.

Na sa ma’auni. Tsakanin ta farko da ta biyu, tara. Ta biyu da ta uku, goma. Ta uku da ta huɗu, takwas. Shimfiɗaɗɗen saman wuyan da na bari talatin da tara ya koma talatin da uku da ɗan abu, sauran duk samfefa ta cinye. Da ya ga wuri ya ƙare, sai ya matso da tsirkiyoyin ciki da ido. Takardata kuwa na same ta a ƙarƙashin gwangwanin gam, da zagayen gindinsa a kan lambobin.

“Tara, goma, takwas! Baffa, wannan awo ne ko lambar waya?”

“Ke, yi a hankali.”

“Na ce kar ka taɓa! Na rubuta, na ja layi, na faɗa da baki! Sau ɗaya ya ce zai gwada, sau ɗaya tak, ka je ka ƙone mana shi don ba ka iya jira kwana biyu! Kullum haka ne. A yi abu da ido, a shafa mai, a ce ya yi. Ƙofa ya yi, famfo ya yi, yanzu hannun mutum ma ya yi! Wata biyar ke nan, Baffa. Likita ta ce lokaci na tafiya, mu muna nan muna kashe baki!”

Mai faci ya kashe injinsa don ya ji da kyau. Baffa ya miƙa hannu ya rage rediyo. Ban taɓa ganin ya rage rediyon nan don wani ba.

“Kin gama?”

“Ban gama ba.”

“To tsaya ki huta, in tambaye ki. Matse tsirkiyar nan laifina ne, na ɗauka. Kai masa da na yi, shi ma na ɗauka. Amma kin san abin da ya sa na kashe bakin? Ni nake zuwa in taya shi wanka duk safiya kina makaranta. Ni nake yanke masa farce. Hannun nan ba ya buɗewa ya wuce haka.” Ya nuna da nasa, kamar mai riƙe da ƙwai. “Fatar ta yi laushi, abu kaɗan sai ta fashe. Na dubi katakon da kika bari mai kusurwa huɗu, na ce wannan zai yanke shi. Ke da kika yi lissafin, wane hannu kika auna?”

Na dubi ma’aunin da ke hannuna.

“Na ce wane hannu, Injiniya?”

“Na dama.”

“Da wanne zai danna?”

Mai faci ya tayar da injinsa, ya ba mu baya.

Na zauna a kan wata kujera marar mazauni, a kan katakon gefen. Ko da Baffa ya bi takardata layi-layi, da ba ta yi ba. Goma sha ɗayan da nake ta ihu a kanta ta lafiyayyen hannu ce. An miƙo min hannun da ba shi ba, an harare ni, na karɓa na rubuta har da jan layi biyu. Ni ma na ce ya yi, sai dai ni da biro na faɗa. Haushin da ya turnuƙe ni a lokacin ya fi na ɗazu, don wannan babu wanda zan sauke wa.

Washegari da safe na sami Baba yana shan shayi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce gwajin jiya bai shiga lissafi ba, don awon na ƙarya ne, kuma ni na yi shi.

“Magana ɗaya muka yi,” ya ce.

“Ba hannunka ne ya kasa ba, Baba. Wuyan ne.”

“Na ji. An gode. Tashi kar ki makara.”

Kwana shida muna haka. In na ɗauko maganar sai ya ƙara sautin talabijin. Mama ta ce in bar bawan Allah ya huta, ai da sauƙi, wasu ma ba su tashi ba. Na ce mata wannan da sauƙin shi zai kashe hannun. Ta ce bakina ya fi ƙarfina. Na je wurin likitar ni kaɗai, ta tambaye ni ko yana motsa yatsun, na ce a’a. Ta ajiye biro, ta sallame ni.

Ran na bakwai Baffa ya shigo da wani guntun katako. Ba kayan kiɗa ba ne, falle ne kawai, an kafa ƙusoshi huɗu sama, huɗu ƙasa, an ja igiyar kamun kifi a tsakani. A jikinsa ya huda ramuka a jere yadda za a iya matsar da ƙusoshin. Ya ajiye a kan tebur gaban Baba.

“Mene ne kuma wannan, Auta?”

“Awo ne, Yaya. Ba gwaji ba. Gwaji ka ce sau ɗaya, ba ka ce awo sau ɗaya ba.”

“Kun haɗa baki ke nan.”

“Ni da wannan? Ta zage ni tas a gaban mai faci, har yanzu in na wuce sai ya ce min tara, goma, takwas. Sunana ya ɓaci a layi. Ka taimake ni in wanke kaina.”

Baba ya ɗan murmusa, ya miƙo hannun dama. Zan yi magana ke nan, Baffa ya riga ni.

“Ba wannan ba.”

“Ba a miƙa wa mutum...”

“Ni ba mutum ba ne, ƙaninka ne. Ɗazu-ɗazu na cuɗa hannun nan da sabulu. Ita kuma wannan, da shi ka ɗauke ta ranar da aka haife ta, ina tsaye. Wa ya rage a ɗakin nan da za ka ɓoye wa? Kyanwa?”

Mama ta tashi ta shige kicin. Baba ya daɗe yana kallon katakon. Sannan ya janye tawul ɗin da kansa, ya ninke shi, ya ajiye a hannun kujera.

Ban taɓa ganin hannun kusa haka ba. Ya kumbura, fatar tana sheƙi. Na ɗora shi a kan igiyoyin a hankali, nan take na ga abin da babu takardar da za ta gaya min. Yatsun ba sa tsayawa a kan tsininsu, a kwance suke sauka, da gefe. Wurin da kowanne ke ci ya kusa ninka na daman. Muka matsar da ƙusa. Sha biyu, yana taɓa maƙwabciya. Muka ƙara. Sha uku, manunin ya sauka shi kaɗai, da ɗan haske a kowane gefe.

“Sha uku sau uku, talatin da tara,” na ce. “Huɗu-huɗu a gefe, tunda yana tura ta waje. Arba’in da bakwai.”

“Arba’in da bakwai?” in ji Baffa. “Wannan ai benci ne. Hannun ba zai zagaye shi ba.”

Gaskiya ya faɗa, na kuma ji haushin gaskiyar. In an faɗaɗa don yatsu, an hana tafin hannu riƙewa. Muka tsaya muna kallon juna. Baba ne ya juya katakon da hannun dama, ya ƙwanƙwasa bayansa.

“Ku rage nan mana. Sitiyari ma ba faɗinsa ke gajiyar da mutum ba, kaurinsa ne.”

Sabon wuyan ya ci mana mako biyu, daga ɗaya ƙafar gadon. Wannan karon ban ba da takarda ba. Da alli na rubuta lambobin a bangon shagon, manya-manya, inda gwangwanin gam ba zai hau ba. Baffa ya sassaƙe bayan wuyan ya yi siriri, ya kwantar da shi yadda zai zauna a tafin da ba ya buɗewa, yana yi yana gwadawa a nasa hannun da ya lanƙwashe kamar na Baba. Nan na bar shi ya kashe baki iya son ransa. Amma sau biyu ina kama samfefar tana hawowa gefen sama.

“Baffa!”

“Kaɗan ne. Kaifin kawai.”

“Rabin milimita. Ga bakin agwagwa, auna.”

Ya auna yana gunaguni, wai an mayar da shi ɗan aji ɗaya da furfurarsa. Ramukan ƙashin ni na yanka da magagari, ɗaya-ɗaya. Sha uku, sha uku, sha uku. Na sake aunawa har sau uku, don na daina yarda da kaina.

Kafin mu kai masa ita na biya asibiti da shi. Likitar ta lanƙwasa yatsun, ta miƙe su. Ta ce manuni da na tsakiya akwai rai sosai. Ƙananan biyun kuwa ba ta yi alkawari ba, an bar su sun daɗe. A hanyar dawowa ina lissafa makonnin da muka zubar, na ƙwallo, na lallashi, na wuyan farko, har na ji kamar in tsaya a titi in yi ihu.

Ranar Asabar da hantsi muka kawo ta. Ba ta da kyan ta farko. Wuyan ya yi mata faɗi, kamar yaro sanye da takalmin babansa. Baba ya juya ta, ya ce jikar jita ta yi ƙiba. Bai juya mana kafaɗa ba. Ya ɗora hannun, wuyan ya zauna a tafin. Manunin ya sauka a kan tsirkiya ta bakin, ya danna, ba ta zame ba. Ya kaɗa da babban yatsan dama.

Sauti ya fito, amma da zizar ƙarfe a ciki, don yatsan bai danna har ƙasa ba.

“Ya yi!” in ji Baffa, har da tafi. “Wallahi ya yi!”

Mama ma daga ƙofa ta ce ya yi, alhamdu lillahi. Na yi wa kaina alkawari ba zan yi magana ba.

Baba ya karkata kunne wajen gangar, ya sake kaɗawa, ya saurari zizar har ta mutu. Ya ɗaure fuska.

“Bai yi ba,” ya ce. “Ku yi min shiru.”

Ya gyara zaman yatsan, ya matso da shi kusa da ƙarfen, ya sake dannawa.